Kason Mai Hoto

Ranar kasuwar Aliero na durƙusa bayan rumfar Namakka,
gwiwata cikin ɓawon albasa,
ina jiran rana ta sauko daidai kafaɗar Tumba.
Tana tsince ruɓaɓɓu daga masu kyau.
Na ce, "Inna, in ɗauka?"
Ta ce, "Ɗauki, amma kada ka sa ni dariya,
haƙorana sun tafi cin kasuwar Jega, ba su dawo ba."
Sai ta yi dariyar.
Ita na ɗauka.

Ta dangwala yatsa a takardar yarda,
na ba ta ɗari biyar da alkawarin baki:
in hoto ya yi kasuwa, rabonki na nan.

Ya kuwa yi.
Na gan ta a bangon littafi, da rubutun da ban iya karantawa,
na gan ta a tallan wani banki,
an goge ƙudan da ke kan buhu,
an ƙara wa albasa ja, an rage wa Tumba tamoji.
A wancan zamani saye guda na cika tankin babur.
Na biya wa Luba kuɗin makaranta,
na sauya kwanon ɗaki kafin damina.

Sai saƙo ya iske ni, wayata na caji a shagon Ɗan'ige:
"Muna farin cikin sanar da ku..."
Mahauci ma yakan shafa wuyan rago.
Talatin cikin ɗari ya koma sha biyar,
kuma duk sabuwar shekara a mai da kowa matakin fari,
kamar mai hawan giginya,
yana gab da taɓa 'ya'ya a ce sauko, faro daga gindi.
Masu saye kuwa biyan wata suke yi,
a buɗe musu rumbu su ɗiba da ƙwarya,
ba mai awo, ba mai ƙirga tiya.

Fuskar Tumba, senti goma.
Na juya shi zuwa naira sau uku, ko lissafi zai ji kunya.
Bai kai kashin albasa guda a tire ba.

Namakka dillali ne, ban wanke shi ba,
amma hannunsa na shiga buhu a gabanka,
ya taya, ka ce albarka,
ka juya baya, ya kira sunan ubanka, ya ƙara.
Wannan dillalin ba shi da rumfa,
ba shi da kunnen da za a ce wa albarka.
Maɓalli ɗaya ya ajiye mini: Na yarda.

Albasa takan ruɓe, shi ya sa take da ranar tsada.
Hoto ba ya ruɓewa, laifinsa ke nan.
Yanzu ma an ce inji ya haddace fuskokinmu,
yana ƙera tsofaffi masu yatsa shida
waɗanda ba a yi wa alkawari.

Na koma rumfa da abin da ya samu, a dunƙule.
Ta ce, "Sau nawa aka saye ni?"
Na ce ɗari huɗu da bakwai.
Ta yi shiru, wuƙa a hannu.
"Ni da ban taɓa wuce Birnin Kebbi ba."
Ta dubi kuɗin, ta dubi takalmina,
ta zaɓo manyan albasa uku ta cusa mini a jaka.
"Riƙe. Yau ka fi ni zama abin tausayi."

Rana ta sake saukowa kafaɗarta.
Na ɗauka.
Wannan ban aika wa kowa ba.
A Jega na wanko shi, na kafa da ƙusa a ginshiƙin rumfa.
Direbobin Legas kan tsaya su tambayi kuɗinsa,
Tumba ta ce su taya.
Har yau albarka take cewa.